Karen Marigayi Orazgali

Ranar Korisu, ranar gaisuwar fita hunturu, ƙarami ne yake zuwa wurin babba, saboda haka tun rana ba ta fito ba na ɗaura farin ɗankwalina na tsallaka na ƙwanƙwasa ƙofar Dametken apa. Ƙofata da tata suna kallon juna a hawa na huɗu, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata apa. Shiru. Na murɗa, ƙofar a buɗe take kamar ta kowa a wannan rana. Ta riga ta shirya tebur a falo: baursak, wato fankenmu, da na ji ƙanshin suyarsa jiya ya cika kwano, ga sauran naman hunturu an yanka an jera, ga butar shayi an lulluɓe da tawul. Ita ce dai babu. Igiyar fatar da ke rataye a bayan ƙofa ma babu, Moinak kuma babu.

Na ce a raina, ko a rana irin ta yau ma karen nan ne a gaba. Na koma na zura takalmi na bi ta bakin teku.

Moinak karen mijinta ne, marigayi Orazgali, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya ajiye, ya rasu da kaka ta shigo. Karen farauta ne, tazi, dogo siriri, baƙi wuluk sai farin wuya, kunnuwansa da gashi kamar geza. Da Orazgali yana da lafiya, mota yake saka shi su nufi daji bin yanyawa. Da ciwo ya kayar da shi, karen ya tare a ƙarƙashin gadonsa, ko sanda aka ɗaga ba ya fita. Bayan rasuwar, 'yarsu guda ta koma gidan mijinta a Almati, aka bar Dametken da kare, ita da a da ko bakin dardumarta ba ta yarda ya taka ba. Tun daga nan kullum da asuba sai ta sauka da shi, ko iska tana tuge mutum ko ƙanƙara ta rufe hanya. Mutanen bene ba wanda yake son abin. Ni ma ba na so, gashinsa har cikin takalmana nake tsinta.

A bakin teku garinmu Aktau ya riga ya tashi. Iska tana kaɗawa da ɗan sauran sanyi, ruwan ya yi launin toka, fararen agwagin nan masu dogon wuya da suke yin hunturu a wurinmu ba su gama tafiya ba. Ko'ina ka duba mutane ne biyu-biyu, maza suna haɗa ƙirji, mata suna kama hannu biyu, ana cewa barka da ƙarin shekara, an fita hunturu lafiya. Wasu samari sun fito da kiɗa a mota. Na ga wasu dattawa biyu da na san sun yi shari'a a kan garejin mota suna rungumar juna har hular ɗaya ta faɗi.

Dametken ba ta kan hanyar mutane. Tana ƙasa kan falalen duwatsun da ruwa ke lasa, inda ba mai cewa ta janye karenta daga kayansa na ado. Na sauka a hankali na same ta. Ta naɗe igiyar a wuyan hannu ta ba ni hannu biyu.

"Barka da ƙarin shekara, apa."

"Ke ma barka, Nesibeli. Kin ƙara shekara, kuma ta nuna."

"Ke da kika bar tebur ba mai tsaro kika zo kiwon kare? Da na so da na kwashe naman nan kaf."

"Haƙoranki ba za su iya ba," in ji ta.

Muka ci gaba da tafiya. Moinak yana gaba yana jan igiya, ya shinshina wannan ya shinshina wancan, in agwagin suka buɗe fukafukai sai ya ƙame, jikinsa yana rawa. Ba ta taɓa sakinsa ba. Ta ce in ta sake shi, wa zai bi shi, ita da gwiwa ko ni da haki?

Muna daf da inda duwatsun suka ƙare yashi ya fara, sai wata tsohuwar mota mai shiga daji ta bar kwalta ta gangaro har bakin yashin ta tsaya. Na gane ta. Ta Sagindik ce, ƙanin mijinta, wanda yake zaune a gidan mahaifinsu a ƙauyen Akshukur. Ya fito da sabuwar kwat da hular gashi, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya taimaka wa wani tsoho ya sauko. Jolaman ata ne, ƙanin mahaifinsu, shi ne babba a duk zuriyar yanzu, shi ya sa kowa yake ce masa ata. Mutum ne da ba ya barin ƙauye sai jana'iza.

Dametken ta tsaya. Ta ƙara naɗe igiyar zagaye ɗaya.

"Jenge!" Sagindik ya kira ta yadda ake kiran matar yaya, tun daga nesa yana dariya. "Ashe nan kika ɓuya. Mun hau bene da tsoho, ƙofa a buɗe, tebur a shirye, uwar gida ta tafi yawo da saurayinta."

Ba ta kula shi ba. Ta taka har gaban Jolaman ata, ta durƙusa da gwiwa ɗaya yadda suruka, wato kelin, ke yi, sannan ta miƙe ta kama hannayensa.

"Barka da ƙarin shekara, ata. Da kun zauna a gida, ni ya kamata in zo."

"Allah ya ja da ranki, kelin. Ƙafa ce ta yi ƙaiƙayi. Ga ƙaninki nan, ku gaisa."

Sagindik ya matso ya miƙo hannu biyu. Amma kafin ya iso, Moinak ya riga shi. Ya miƙe tsaye ya ɗora ƙafafu a kan sabuwar kwat ɗin, yana kuka ƙasa-ƙasa, jelarsa tana dukan iska. Ban taɓa ganin ya yi wa wani haka ba tun rasuwar maigidansa. Muryar 'yan uwan biyu ɗaya ce, ko ni in na juya baya ba na bambancewa. Na dubi fuskar Dametken na ga ta canza.

"Ka ga ɗan halak," in ji Sagindik yana shafa kunnuwansa. "Jenge, ajiye igiyar mana. Gaisuwar yau ba a yin ta da kare a tsakani."

Ita kuwa ba shi take kallo ba, bayan motar take kallo. An cire kujerar baya, an shimfiɗa tsohon bargo, ga sabuwar sarƙa a naɗe a gefe tana ƙyalli.

"Auta, wa aka yi wa shimfiɗa a bayan mota? Ata ne zai kwanta a hanya?"

Auta shi ne sunan da ta raɗa masa tun tana amarya, lokacin yana yaro mai majina yana satar mata alewa a akwati. Tun daga nan wasa suke yi da juna, irin mai zafi, kowa ya sani. Yau wasan bai kama ba.

"Mu gaisa tukuna," in ji shi.

"Amsa mini tukuna."

Ya sauke hannayensa. "To shi ke nan. Na zo in tafi da shi gida."

"Gida yana hawa na huɗu."

"Wannan ba gida ba ne, keji ne. Dube shi don Allah. Tazi da teɓa? Dubi faratansa, sun yi tsawo sun lanƙwashe don bai taka ƙasa mai tauri da gudu ba. Kin mai da karen yayana kyanwa. A farfajiyata aka haife shi, uwarsa ta mahaifinmu ce, kakarsa ma haka. Aro yaya ya ɗauka."

"Aro? Wanda ya ara yana kwance yana neman mai juya shi, ina mai kayan yake? Ka zo ka tsaya a bakin ƙofa ko hula ba ka cire ba, ka ce warin magani yana sa ka ciwon kai. Karen nan bai taɓa cewa kansa yana ciwo ba."

"Kada ki fara wannan a gaban tsoho."

"Kai ka kawo tsohon."

"To tunda kin fara," in ji shi, muryarsa ta hau. "Wa ya hana a kai yayana ɗakin ubansa? Na zo da mota, na ce mu tafi da shi ƙauye ya sha nonon raƙumi, ya cika a inda aka haife shi. Kika tare ƙofa. Kika bar shi ya mutu a sama kamar tsuntsu, aka sauko da gawarsa ana karo da bango a kowace kwana."

"Likita yana ƙauyenku? Allurar da nake yi masa da dare raƙumarka ce za ta yi masa?"

Mutanen da ke saman hanya sun fara tsayawa suna leƙowa. Wata mata ta ja jikanta gefe. Wani ya ɗaga murya ya ce haba jama'a, yau Korisu ne fa. Ni dai na rasa inda zan sa idona, sai na zuba wa teku.

Jolaman ata ya buga sandarsa a dutse. "Ya isa. Kunya ba ta kama ku? Duk garin nan yau masu gaba suna ajiye gaba, ku kuma yanzu kuke ɗauko taku. Kelin, saurare ni. Magana ce ta riga ta fita. Kin san an ba da Inju, 'yar ƙaninki, ga ɗan Esbergen na Shetpe. Mutumin nan mafarauci ne, ya taɓa ganin gudun karen nan. Ƙaninki ya ce masa ya ba shi, a gaban mutane, da bakinsa."

Dametken ta yi wata irin dariya. "Au, ashe ba don tausayin farata ba ne. Kyauta aka yi da kayana, ni ina nan ina wanke masa ƙafa kullum."

"Ba kayanki ba ne," in ji Sagindik.

"Yi shiru kai," tsohon ya ce. Ya juyo gare ta a hankali. "Ya yi wauta da bai tambaye ki ba, na faɗa masa. Amma abin da ya fito daga gidan uba, auta ne mai shi, kin sani. Ɗa namiji babu a ɗakinki da za a ce a bar masa. Ke mace ce, shekaru sun ja, me za ki yi da karen farauta? Kada ki sa a fara surukuta da ƙarya. Ba shi igiyar, ku kama hannu, mu je mu sha shayinki."

"Ata, kan da kuka ce in sunkuyar ban taɓa ɗagawa ba tun da na shigo gidanku. Wannan kam a'a."

Ta juya ta ja igiyar. "Zo mu tafi, Moinak."

Karen ya bi ta taku biyu yana waiwaye. Sagindik kuwa ya koma wajen mota ya buɗe bayanta, ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, gajere sannan dogo. Fiton da Orazgali yake yi ne daga ƙasan bene in za su daji, duk unguwa mun san shi.

Ban ga lokacin da karen ya juya ba. Na dai ga igiyar ta miƙe, Dametken ta yi gefe, ta faɗi da gwiwa a kan jiƙaƙƙen dutse. Igiyar ta zame daga hannunta ta tafi da fatar tafin. Kafin in kai gare ta Moinak ya riga ya tsallake yashin ya faɗa bayan mota, ya zauna a kan bargon yana haki, kunnuwa a tsaye, yana jiran a tayar.

Sagindik ya rufe ƙofar. Sai a lokacin ya ga ta faɗi, ya taho da sauri, fuskarsa ta ɓaci da gaske.

"Jenge, wallahi ban yi nufin haka ba. Kawo hannu."

Ta ture hannun nasa da gwiwar hannu, ta dafa dutse ta tashi da kanta. Siket ɗinta ya jiƙe, jini yana bin yatsunta.

"Sagindik," in ji ta.

Tsohon ya ɗaga kai da sauri. Ban taɓa jin ta kama wannan suna ba, don a wurinmu suruka ba ta kama sunan dangin miji.

"Sagindik ɗan Kuanbai, ɗauki karenka ka tafi. Kada ka sake hawo mini bene."

"Kelin!" in ji Jolaman ata. "Ba a rabuwa haka a ranar nan. Ku kama hannu ko da a tsaye ne."

Ta buɗe masa tafin hannun ya gani. "Da wanne, ata?"

Sagindik ya shigar da tsohon, ya tayar da mota, tayoyin suka watsa mana yashi. Ta gilashin baya muna ganin Moinak, amma shi gaba yake kallo.

Na ɗaure mata hannun da ɗankwalina muka hau gida. Ta canza siket ta zauna a bakin tebur, ƙofa a buɗe, mutane suna shiga suna fita har la'asar. Kowa ta ba shi hannun hagu da yatsun dama. Mutumin da ke ƙasanta, wanda ya daɗe yana kuka da ƙarar farata a saman kansa, ya ce to alhamdulillahi, bana kam za mu yi barci. Ta cika masa kofi har baki, yadda ake yi wa wanda ake so ya tafi, ta tura masa. Ya gane. Ya kurɓa sau ɗaya ya nemi takalminsa.

Ban ji ta yi kuka ba, bangonmu kuwa ba ya ɓoye komai. Abin da na ji shi ne tana ta goge ƙasa, tana jan kujeru.

Da Nauriz, bikin sabuwar shekara, ya zo, Esbergen ya gayyaci dangin amarya gidansa a Shetpe. Tun kafin rikicin aka sa sunan Dametken, don ita ce babbar suruka a gidan, ba a zuwa irin wannan ba ita. Sagindik ya ɗauka ta fasa, kowa ma haka ya ɗauka. Da sassafe sai ga ta a ƙofata da rigar karammiski mai maɓallan azurfa, ta miƙo mini jaka.

"Shirya, za ki riƙe mini kaya."

"Apa, in faɗa za ki je yi, ni ki bar ni a gida."

"Cin nama za ni. Yi sauri."

Muka shiga motar haya. Daji ya fara yin kore-kore, raƙuma suna zubar da gashin hunturu, tsumma-tsumma yana lilo a jikinsu.

Esbergen mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya, ya tarbe ta da hannu biyu, ya ce gidansa ya yi haske. Sagindik da ya gan ta sai ya tsaya da buta a hannu kamar an dasa shi. Matarsa ta rungume ta. Dametken ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, ta wuce shi kamar turke.

Kafin mu shiga ta hango Moinak a gefen garken raƙuma. An yi masa ɗan ɗaki, an ɗinka masa rigar bargo. Cikin ɗan lokacin nan har ya zube, ƙugunsa ya fito, idanunsa sun yi haske. 'Ya'yan Esbergen kullum sai sun fita da shi a bayan doki. Ta kira sunansa. Ya kaɗa jela, ya lashi hannunta, sannan ya mayar da kai wajen da ake ɗaura wa wani doki sirdi. Na ce mata a hankali, "Apa, kin ga dai lafiya yake. Mu ci mu tafi."

Aka zaunar da ita a sama kusa da mahaifiyar mai gida. Aka kawo kan rago gaban Jolaman ata ya rarraba, aka ci, aka sha romo, aka yi addu'o'i, aka yafa wa baƙi riguna da mayafai. Sagindik ya fara sakin jiki, har yana ba da labarin wata farauta. Da aka zo tashi, Esbergen ya miƙe ya ɗora hannu a ƙirji ya yi tambayar da kowane mai gida yake yi wa manyan baƙi kafin ya sallame su.

"Surukai, ko akwai wata bukata da ta rage a ranku? Abin da ke gidan nan naku ne."

Aka amsa yadda aka saba: ba komai sai lafiyarku, Allah ya bar zumunci.

"Akwai," in ji Dametken.

Wata yarinya da ke kwashe kwanuka ta tsaya da su a hannu.

"Faɗi, uwa," in ji Esbergen.

"Da zan shigo na ga wani baƙin kare mai farin wuya. Ya shiga raina. Shi nake so."

Sagindik ya yi dariyar da ba ta fito ba. "Jenge tana wasa ne, suruki. Haka muke da ita."

"Wasa ya ƙare tsakanina da kai tun ranar Korisu," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. Ta ɗora hannun dama a kan tebur, tafin a sama. Ciwon ya fara warkewa, ya bar jan layi daga wannan gefe zuwa wancan. "Wannan igiyarsa ce, suruki. A hannuna take lokacin da aka yi masa fito."

Esbergen ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya juya ga Sagindik.

"Kai ka ce mini yayanka ya bar maka shi kafin ya rasu."

"Na gidanmu ne. Ata ma ya faɗa."

Jolaman ata yana shafa gemu, idonsa a kan tebur.

"Ba wannan na tambaye ka ba," in ji Esbergen. Ya kira babban ɗansa, wanda zai auri Inju. "Je ka kwance shi." Yaron ya buɗe baki zai yi magana, uban ya dube shi, ya fita. "Baƙuwa ta roƙa a ɗakina, ba zan hana ta ba. Sai dai da an faɗa mini daga hannun wa aka ciro shi, da ban bar 'ya'yana sun saba da shi ba."

Matar Sagindik ta rufe fuska da mayafin da aka yafa mata. Shi kuwa ya tashi ya tsallake ƙafafun mutane ya fita. Da muka fito yana jingine da motarsa. Dametken ta zo wucewa da igiya a hannun hagu.

"Kin ji daɗi?" in ji shi. "Ba ni kika tozarta ba, Inju kika tozarta. A gidan nan za ta zauna, kullum su dube ta su tuna ubanta maƙaryaci ne."

"Da ka tuna da Inju kafin ka buɗe baki."

"Ke ba matar yayana ba ce daga yau."

"Yayanka ne zai faɗi wannan, ba kai ba."

Angon ne ya mayar da mu Aktau, don ba direban hayar da ya yarda ya ɗauki kare. Da ya ajiye mu, sai da ya buɗe baya ya durƙusa ya rungumi wuyan Moinak, sannan ya ja motarsa ba sallama.

Karen ya hau benen da ƙyar, tana ja yana turjewa. Ya kwanta a bakin ƙofa, hancinsa a ƙasan ƙyauren. Ta zuba masa abin da ya saba ci, ya kau da kai. Ta dafa masa kaza, ya kau da kai. In mota ta tsaya a ƙasa sai ya miƙe yana kuka. Da abin ya ishe ta, ta ɗauki waya a gabana ta kira Sagindik.

"Me kuma ya rage da ba ki karɓa ba?" Ina jin muryarsa daga inda nake.

"Me suke ba shi ya ci a can?"

"Tambayi surukin da kika kunyata ni a gabansa." Ya kashe.

Ta kuwa tambaya. Matar Esbergen ta ce huhun raƙumi ne da tsakin gero, a tafasa su tare. Ni aka aika kasuwa. Warin dahuwar ya cika benen tun daga ƙasa har rufi, mutumin da ke ƙasanta ya hau ya yi ta buga ƙofa da tafin hannu, ta ƙi buɗewa. Karen ya ci.

An yi bikin Inju da zafi ya shigo, ba a aiko wa Dametken da gayyata ba. 'Yarta ta yi ta kira daga Almati tana cewa uwa, a kan kare za ki raba ni da dangin ubana? Ta ce mata ta je bikin, ba wanda ya riƙe ta. Waɗanda suka je sun ce Esbergen ya yi wa kowa fara'a, amma bai zauna kusa da Sagindik ba ko sau ɗaya.

Bayan biki Jolaman ata ya sake zuwa. Na same shi a hawa na biyu yana hutawa, na kama shi muka ƙarasa. Dametken ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa a sama, ta zuba masa shayi kaɗan-kaɗan yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe. Ya ce shi kwanansa ya kusa ƙarewa, ba ya so ya je ya tarar da Orazgali ya tambaye shi yadda ya baro gida. Ya ce Sagindik yana ƙasa a mota.

"Ya hawo," in ji ta. "Ya tsaya a nan ya ce ya yi ƙarya, kuma shi ya kayar da ni. Sai in ba shi hannu."

Tsohon ya sa na leƙa ta taga na kira shi. Sagindik ya zuge gilashi ya ɗaga kai.

"Ta sauko," in ji shi. "Ita ta ce kada in sake hawa."

Na mayar da saƙo. Ta ce ai ta janye wannan na yau kaɗai. Na sake leƙawa. Ya ce shi bai janye ba. Sannan ya danna ham ya riƙe, har aka fara buɗe tagogi.

Jolaman ata ya kife kofinsa ya shafa addu'a. Ya miƙe da ƙyar, ya tsallake Moinak da ke kwance a bakin ƙofa.

"Riƙe ni, 'yata," ya ce mini. "Saukar ta fi hawan wuya."

Muka sauka a hankali, yana tsayawa a kowane hawa, ham ɗin yana ta ƙara a ƙasa.